Makullin Motar Erminio

Ubana, Erminio Tessaro, wanda duk kwarinmu ke kira Minio, bai taɓa buge ko kaza da mota ba. Shi ne yake faɗa, kuma gaskiya ce. Ya fi shekara hamsin yana tuƙi, daga tarakta zuwa motar ɗaukar taba zuwa farar a-kori-kurar da ya saya lokacin da nake goyon 'yata ta biyu. Duk wanda ya zauna cin abinci da shi sai ya ji wannan magana kafin a kawo kofi. Ni ma na sha faɗa wa mutane, har da taƙama. Yanzu na daina.

Yana saurayi ya baro ƙauyensu a arewacin Italiya, jirgin ruwa ya sauke shi a Melbourne, aka tura shi aikin dam a kan duwatsu. Can ya haɗu da Athol Grigg, ɗan makiyayan garin Omeo, wanda ke kai wa ma'aikata nama a kan doki. Wani hunturu aka rufe sansanin, Baba ba shi da inda za shi, Athol ya tafi da shi gida, uwarsa ta ciyar da shi har ƙanƙara ta narke. Daga baya Baba ya sauko garin Myrtleford, ya auri uwata Norina, suka yi noman taba a gonar wani har suka sami tasu. Ni da ƙanena Dino mun tashi hannuwanmu baƙi ƙirin da danƙon ganye. Da aka daina sayen taba, maƙwabta suka yi ta kuka a taro, shi kuwa ya tafi gida ya nome gonar ya dasa inabi, yana dab da shekara saba'in. Mutum ne mai ƙarancin magana da taurin kai, kuma a ganinsa likita na masu zaman banza ne.

Abu ɗaya bai taɓa fashinsa ba. Kowane Afrilu, da an gama tsinke inabi, sai ya loda tulun gilashi biyu na giyar da ya haɗa da hannunsa, da salami, busasshen naman nan da suka rataye a rumfa tun hunturu, ya haye dutse ya kai wa Athol. Ya kwana biyu, ya dawo da cinyar sa da zuma. Mama kullum tana gefensa.

Mama kuwa baki gare ta, a mota ya fi tsanani. "Minio, kwana. Minio, ga tirela can. Ɗan matsa hagu, za ka taka layi. Rage, rage, akwai mai tarakta." Da tana ƙara tsufa abin ya zama kamar rediyo. Jikoki har kwaikwayonta suke yi. Na taɓa ce mata, "Mama, ki bar mutumin nan ya yi tuƙinsa mana." Ta ce, "Ke dai je ki kula da naki mijin."

A tsakiyar hunturun bara waccan ta faɗi a kicin, kafin motar asibiti ta iso ta cika. Bayan jana'iza Baba ya daina shiga gari. Muka ce baƙin ciki ne. Ni nake kai masa cefane in na tashi daga aiki, ina aiki a kicin ɗin wani gidan tsofaffi. Sai wata rana na tarar da ginshiƙin ƙofar gona a karkace, da farin fenti a jikinsa. Na tambaya, ya ce saniyar maƙwabci ce. Saniya mai farin fenti.

Dino ya yi ta damuna a waya daga Melbourne, inda ya fi ƙwarewa wajen ba da umarni. Wai in duba tuƙin Baba, in ya lalace a karɓe makulli. Na san abin da hakan ke nufi. Gonar tana can ƙarshen hanyar tsakuwa, ba bas, ba kanti. Ranar da aka karɓe makullin nan, ranar ya bar gidan da ya gina da kurangar inabin da ya dasa. Saboda haka da Afrilu ya zo ya ce zai tafi Omeo, na ce zan raka shi. Kuma in faɗi gaskiya, na shiga motar nan ne da niyyar in dawo in gaya wa Dino ya rufe mana baki.

Mun fita da hantsi. Safiya ce mai kyau, irin wadda 'yan birni ke tururuwa su zo ɗaukar hoto. Ganyen inabi ya yi ja da rawaya layi-layi har gindin tudu, tsofaffin rumbunan gasa taba na kwano suna tsaye a gonaki ba kowa a ciki. Baba yana tafiya a hankali, hannu biyu a sitiyari. Na lura ya ɗan karkato da fuskarsa wajena, kamar yana kallona, alhali yana tuƙi. Har na ji daɗi. Na ce a raina tsohon nan ya yi kewar mai zama a kujerar nan.

"Graziella, ba kya magana," ya ce.

"Me zan ce?"

"Ko me. Me kike gani?"

"Abin da kake gani, Baba. Hanya."

"Hanyar fa, yaya take?"

Na yi dariya. Na ɗauka fira yake nema, shi da bai iya fira ba. Na ce masa ga motar madara can gaba, ga wasu sun tsaya sayen tuffa a bakin titi. Ya ce, "Yawwa, ci gaba." Da muka shiga Bright, gari cike da baƙi masu kallon ganyen kaka, ya sauke gilashi duk da sanyi, ya rage gudu har na bayanmu suka fara hon. Wata mata ta tsallaka da keken jariri. Na ce, "A'a, dubi wannan, ko waiwaye ba ta yi." Ya taka birki. Na yaba masa a zuciyata, na ce ga hankali, ga natsuwa, Dino ya zo ya gani.

A Harrietville muka tsaya bakin tafkin da injin haƙar zinare ya bari, inda su Mama suke tsayawa shan kofi kowace shekara. Ruwan kore shar, shiru, tsibin duwatsun da aka tono tun zamanin kakanni duk ciyawa ta rufe su. Ya ba ni labarin da na ji sau ɗari, na wani tsohon Basine da ya tarar a nan yana saurayi, wanda ke sayar da kabeji yana cewa zinaren da ya rage ke nan. Ya buɗe fulas zai zuba min, sai ya sa yatsa a bakin kofin kafin ya zuba.

"Baba, yatsanka a kofina?"

"Hannuna tsaf yake. Sha."

Na sha. Wallahi na sha, ban kawo komai a raina ba.

Daga Harrietville hanya take fara hawa, kwana a kan kwana, dutse a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma rami wanda in ka leƙa sai ka ga kan itatuwa a ƙasa. Ya san kowace kwana. Tun kafin ta zo ya rage, ya shiga, ya fita, sumul. Muka wuce inda fentin titi yake komawa rawaya saboda ƙanƙara, dogayen sandunan nan masu ruwan lemo suka fara jeruwa a gefe. Na ji ya sauke numfashi, ya ce, "To, mun zo wajen sanduna." Ya ɗan ƙara gudu. Ni kuma na shagala da kallon tuddai, shuɗi bayan shuɗi har iyakar gani, da fararen kututturan da gobarar daji ta bari tsaye. Na yi shiru.

Da na dawo da idona kan titi, akwai mai keke a gabanmu. Riga ja, tana hawa a hankali a gefen hagu, ƙiri-ƙiri a tsakiyar rana, a miƙaƙƙiyar hanya. Muna tafiya kanta kai tsaye. Na jira ya kauce. Bai kauce ba. Fuskarsa a karkace wajena, hankalinsa kwance.

"Keke!" na ce. "Dama, dama!"

Ya murɗa sitiyari nan take, ba ko tambaya. Madubin gefena ya wuce kafaɗarta da abin da bai kai tafin hannu ba. Tulunan baya suka ƙwanƙwasa juna. Ya dawo layinsa ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Sannan ya ce, da muryar da yake gyara min riƙon almakashin yankan kuranga:

"Kin makara. Uwarki tun daga nesa take faɗa. Ki ce mene ne, ki ce wane gefe, ki ce saura nawa."

Ban gane ba da farko.  Sai abin ya zo min gaba ɗaya, da gilashin da ya sauke a Bright don ya ji motoci, da yatsa a kofi, da karkata kai.

"Baba, ba ka gan ta ba?"

"Na ga wani abu."

"Me ka gani?"

"Ina ganin sanduna. Ina ganin rawayan layi ta gefen ido. Tsakiya ne kawai ya ɗan yi duhu."

"Tsakiya. Tsakiyar me?"

"Tsakiyar duk abin da na kalla."

"Tun yaushe?"

Ya ɗaga kafaɗa. "An ɗan jima."

Na ce ya tsaya. Ya ce ba wurin tsayawa. Na ce akwai fili nan gaba a hagu inda ake ɗaura wa taya sarƙa lokacin ƙanƙara, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ni da bakina na shigar da shi wurin. "Rage. Hagu. Ƙara kaɗan. Tsaya." Kalma ɗaya bayan ɗaya, da muryar Mama sak.

Na fita. Iska ta kusa ɗauke ni. Na dafa motar na zagaya ta gefensa.

"Ba ni makulli."

"A'a."

"Baba, makaho ne kai."

"Makaho ne ya kawo ki nan daga Myrtleford?"

"Saura ƙiris ka kashe 'yar mutane."

"Da kin yi aikinki da ba a kai ga haka ba."

"Aikina? Wa ya ɗauke ni aiki? Wa ya gaya min?"

"Duk wanda ya zauna a kujerar nan ya san ana duba hanya."

Na tsaya ina kallonsa. Wannan mutum ya ɗauko min 'ya'yana daga makaranta. Ya kai su wasan ƙwallo a Wangaratta, ya kai su wanka a kogi, suna baya suna dariyar kakarsu mai surutu, ni kuma ina wurin aiki hankalina kwance don suna hannun direban da bai taɓa buge ko kaza ba. Na faɗa masa haka, da ƙarfi, da wasu kalmomin da ba a faɗa wa uba. Ya saurara har na gama, hannunsa a kan makullin.

"Ba abin da ya same su," ya ce.

"To ni kam ba zan sake shiga motar nan kana tuƙi ba."

"Sai ki zauna nan."

Ya tayar da mota. Ban zaci zai yi ba, amma ya yi. Ya ja ta har bakin titi, ya sa sigina kamar mutumin kirki, ya tsaya. Ina ganin ƙeyarsa ta gilashin baya. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya sauke gilashi yana saurare. Iska ce kawai ke kuka, ba ya jin komai sai ita. Siginar tana ta ƙiftawa. Ni ina tsaye a tsakuwa da rigar sanyi mara kauri, na rungume hannuwana, na rantse a raina ko zan daskare ba zan ce masa hanya ta buɗe ba.

Muna haka mai keken ta iso. Mace ce, za ta yi sa'ar babbar 'yata, fuska ja da gumi. Na ɗauka za ta tsaya ta zage mu, kuma da ta yi da na taya ta. Sai ta ɗaga mana hannu tana haki, ta ce, "Sannunku, rana ta yi kyau yau," ta wuce ta gaban bambar motar. Ba ta ma san abin da ya tsallake ta ba. Baba ya zabura da jin murya dab da shi. Bai ga zuwanta ba, wannan karon ma.

 Can ya kashe injin. Bai fito ya zagaya ba, ya ja jiki ta ciki da ƙyar, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya koma kujerar Mama. Ya bar makullin a jiki. Na shiga na gyara kujera. Daga nan har muka haye ƙololuwa, muka wuce gidajen wasan ƙanƙara da ke rufe, muka gangara filayen kiwo, sau ɗaya kawai ya buɗe baki, a wata kwana, ya ce, "Kina cin birki."

Mun isa Omeo da la'asar, ta gefen jajayen gaɓoɓin da masu zinare suka zaizaye da ruwa. Athol yana jingine a shinge yana jiranmu, dogo, ya ranƙwafa, hula ta rufe rabin fuska. Ya ga wanda ke tuƙi. Ya ga wanda ke gefe. Ya tofar da ciyawar da ke bakinsa.

"Ɗan Italiya, an kama ka ke nan."

"Rufe min baki, makiyayi. Zo ka sauke tulu."

"Wannan ruwan tsamin naka? Na bara ma da shi na wanke wa doki ƙafa."

"Shi ya sa dokin ya fi ka hankali."

Na kashe mota na fito a hankali. Na ce, "Kawu Athol, me kake nufi an kama shi?"

Ya kalli matarsa Noelene da ta fito tana goge hannu. Ita ta sunkuyar da kai.

"Kun sani," na ce.

"Norina ta faɗa wa Noelene," in ji shi. "Tun shekarar da gobara ta ci wancan tudun."

Gobarar nan, ƙaramar 'yata tana firamare aka yi ta. Yanzu tana koyon aikin jinya.

Noelene ta ce, "Graziella, shigo ki sha shayi, kin yi fari fat."

"Ba na shan komai. Ku biyu kuna zaune a nan kowace shekara, kun san makaho ne zai hayo dutse da mota, kuna yanka masa cinyar sa?"

Athol ya cire hula ya sosa kai. "'Yar nan, ba ki ga yadda suke yi ba ne. Uwarki ba ta iya tuƙi ba, shi ba ya gani sosai. Su biyu suka haɗu suka zama direba ɗaya, kuma direban ya fi rabin mutanen garin nan. Da yamma takan zauna a kicin ɗin can tana bita, kwana kaza, gada kaza, inda shanu ke fitowa. Na taɓa bin su a baya har ƙauyen Dinner Plain, ko layi ba su taka ba."

Ya faɗi wannan kamar yana ba ni labarin wani abin sha'awa. Na ga Noelene tana share ido. Wato so suke in ce Allah sarki, soyayya. Ban ce ba. Na ce da tari ya sarƙe ta a kan kwana fa? Da atishawa ta zo mata? Da bugun jinin da ya kayar da ita a kicin ya same ta a kan dutsen can, da yarana a baya?  Baba yana tsaye a bayan mota yana laluben igiyar da ya ɗaure tulu, ya kwance ta tsaf, ya naɗe.

Mun ci abinci. Sun buɗe giyar, Athol ya kushe ta ya ƙara kofi uku. Baba ya yanka salami siriri yadda ya saba, da wuƙar aljihunsa, ina kallon yatsunsa ina jin tsoro. Ya yi ta raha da kowa ban da ni.

Da muka dawo na kai shi wurin likitan ido a Wangaratta. Sai da na ce in bai shiga mota ba zan kira Dino ya zo da kansa, sannan ya shiga. Likitar ta nuna masa allo, ya karanta babban harafin sama ta gefen ido, yana kallon bango. Ta ce abin ya yi nisa, da an zo da wuri da akwai allurar da za ta rage masa gudu. Da wuri. Na juya na kalle shi, ya kafe fuskarsa a kan taga. Aka karɓi lasin a wannan watan.

Ya yi hunturu ɗaya a gonar, ina zirga-zirga, har ranar da na tarar ya kunna tarakta zai tafi kanti da ita. Kafin kuranga ta yi toho muka ba maƙwabci hayar gonar, ya dawo ɗakin baya a gidana. A-kori-kurar ya sayar da ita da kansa ta waya, bai gaya min ba sai da mai saye ya zo ɗauka.

Yanzu yana nan. Yana ci, yana sauraron rediyon Italiya, ya mallake min lambun bayan gida, ya tuge furannina ya shuka wake. Da mijina Warren yake fira. Ni in ya kira ni, to gishiri ne bai ji ba. A coci akwai tsofaffin matan da suka daina amsa gaisuwata da kyau, ɗaya ma ta tare ni a bakin ƙofa ta ce Norina ba za ta ji daɗin abin da na yi ba. Na ce mata Norina ta ci sa'a ba ta nan, don da ita zan fara.

Kwanan baya ina wanke-wanke ya shigo kicin yana bin bango, ya tsaya a bayana.

"Da kin bari na kai Omeo," ya ce. "Ko wannan ɗaya."

"Da na bari, Baba, da wataƙila yanzu muna kai wa wasu mutane gaisuwar mutuwa."

"Wataƙila," ya ce. Ya ɗauki kofin ruwa ya koma lambu.